Guzuri, Masauki da Hoto: Yadda Talaka Ya Yi Tafiya Jiya da Yau

 Kamar yadda muka saba, duk amsar da lokaci bai bari muka ƙarasa ta a gidan rediyo ba, nan muke kawo ta a rubuce, domin wanda ya tafi gona ko kasuwa bai ji ba ya samu ya karanta, ko yaro ya karanta masa bayan sallar lisha.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga Kusada, daga hannun wani ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye. Ya ce shi mutum ne mai sha'awar abu uku: girki, da yawon ganin gari ba tare da ɓarnar kuɗi ba, da kuma ɗaukar hoto. To ga tambayarsa: shin kakanninmu da ba su san mota ba, ba su san otal ba, yaya suka yi har suka kai Gwanja da Makka? Me suke ci a hanya? Sannan yaushe ne kyamara ta shigo ƙasar nan?

Malam, mun gode. Tambayoyinka uku ne, amma in ka lura igiya ɗaya ce ta ɗaure su. A da talaka yana tafiya ne da abu biyu: abin da ya ƙulla a taikinsa, da mutumin da zai tsaya masa a garin da za shi. Da kyamara ta zo, sannu a hankali sai ta karɓe aiki na biyun, har ta kai yau in ka isa kan iyaka ba mai tambayar wa ya san ka, sai dai a ce ina takardarka mai hoto. Bari mu bi abin daki-daki.

Baturen da ya bi ta Kusada

Mu fara daga ƙofar gidanku. A farkon shekarar 1851 wani Bature ɗan ƙasar Jamus mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Katsina tare da ayarin gishiri na Abzinawa. Sarkin Katsina na lokacin, Muhammadu Bello, ya riƙe shi kwana da kwanaki kan maganar gaisuwa, ga shi baƙo, ga shi guzurinsa ya riga ya yi ƙasa. Sai da wasu 'yan kasuwa mazauna birnin suka shiga tsakani sannan aka sallame shi. Ran 30 ga Janairu ya fita ta Ƙofar Ƙaura, ya biyo ta Kusada da Kafarda da Bichi, ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu da bashi a wuyansa. Wato hanyar da mota ke cinyewa yau cikin awa biyu zuwa uku, shi kwana uku ya yi a kanta.

A littafinsa mai juzu'i biyar, wanda aka buga tsakanin 1857 da 1858, ya yaba kyan wannan ƙasa da ke tsakanin Katsina da Kano, da gonakinta da itatuwanta, ya kuma ambaci matan ƙauyuka masu zama bakin hanya suna sayar wa matafiya da abinci. Ba shi da kyamara. Duk abin da ya gani da fensir ya zana shi, shi ya sa muna da labarin mutanen Kusada na wancan zamani amma ba mu da fuskar ko ɗaya daga cikinsu.

Shi ne kuma ya bar mana lissafin kuɗin lokacin. Ya ce wuri 2,500 ake ba da shi a kan dala ɗaya ta azurfa, kuma magidanci a Kano zai iya riƙe iyalinsa shekara guda, ci da sha da sutura, da wuri 50,000 zuwa 60,000. To amma wuri kuɗi ne mai nauyi. Keso guda, wato wuri 20,000, kayan kai ne na ƙato guda. Saboda haka matafiyi mai wayo ba ya ɗaukar kuɗi da yawa, haja yake ɗauka wadda zai riƙa sayarwa zango-zango, sai kuma abincinsa.

Abin da ke cikin taiki

Sirrin guzuri ɗaya ne: a raba abinci da ruwan jikinsa. Danshi shi ke kawo ruɓa da fumfuna, don haka kakanninmu suka dogara da rana da wuta da gishiri da yaji da zuma.

Ɗauki kilishi alal misali. A sami jan nama marar kitse, a yanka shi fale-fale, a shanya ya bushe, a tsoma shi cikin labu, wato haɗin tunkuza da barkono da citta da kanumfari da masoro da albasa da gishiri, a sake shanyawa, sannan a nuna masa garwashi sama-sama. Naman da ba zai kwana biyu ba sai ga shi ya yi watanni. Haka dambun nama, a dafa, a daka, a soya har ya bushe ƙarau. Dakuwa kuma aya ce ko gyaɗa soyayya, a haɗa da soyayyen gari da yaji da zaƙi, a yi ta daka har ta kama jikinta. Ga ƙuli-ƙuli, ga nakiya wadda ake yi da shinkafa da zuma da man shanu, ita ma tana jure ajiya. Fura ba ta nisa, kwana ɗaya ko biyu ta yi tsami, don haka mai doguwar tafiya garin gero yake ƙullawa da kayan yaji da tsamiya, duk inda ya sami rijiya ya dama. Abzinawa su kuma suna da tukuɗi, haɗin gero da cuku da dabino. Na miya kuwa sai kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kanwa, mai a tandu, ruwa a salka ko gora.

Akwai abin lura a nan. Gero da dawa da wake da kuɓewa da kuka da ɗorawa namu ne tun fil azal. Amma gyaɗa da barkono da masara da rogo da dankali da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, bayan da Turawa suka isa can a 1492, jiragen ruwan Fotugal suka riƙa kawo su gaɓar Afirka. Wato ita kanta tukunyar uwargida matafiyiya ce. Ɗanɗanon dunƙule da ya zama ruwan dare a yau, wani mutumin ƙasar Suwizalan mai suna Julius Maggi ne ya kafa kamfaninsa, kuma a 1908 aka fara yin sa dunƙule-dunƙule, alhali daddawar kalwa ta daɗe tana wannan aiki a miyarmu.

Ba kuma komai ake ɗauka daga gida ba. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko, da ya ratsa ƙasar Mali a 1352, ya faɗi cewa matafiyi a can ba ya bukatar ɗaukar abinci. Ɗan gishiri da duwatsun wuya da kayan ƙamshi sun ishe shi, domin duk ƙauyen da ya sauka mata za su fito da gero da nono da kaji a yi musaya. Shekara kusan ɗari biyar tsakaninsa da Barth, amma abu guda suka gani a bakin hanya.

Madugu da fatoma

To guzuri ya samu, saura tsaro da masauki. Fataken goro daga Kano da Katsina, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ɗauki tufafi da kanwa da fatu da busasshiyar albasa, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Tafiya ce ta wajen wata uku zuwa, wata uku dawowa, wani lokaci har shekara ta zagayo. Ba mai yin ta shi kaɗai. Ayari ake haɗawa na ɗaruruwan mutane da jakuna, madugu ne shugaba, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da shirin zango da sulhu da masu gari. Kuɗin fito da na ratsa ƙasar wani sarki, madugu ke yin ciniki a kai, sannan a raba wa kowa gwargwadon kayansa. Ƙaramin falke mai jaki ɗaya, da a ce shi kaɗai ne, ba zai iya biya ba, kuma ba zai tsira daga 'yan fashi ba.

In an isa gari sai a sauka gidan fatoma. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka dillali, ya tsaya maka in an ba ka bashi ko ka ba da. Ba a biyan sa kuɗin kwana, abin da yake samu daga la'adar ciniki yake fitowa. In wani abu ya taso, a wurin fatoma za a tambayi ko kai wane ne. Wannan shi ne fasfon wancan zamani. Irin wannan tsari ne ya haifi unguwannin zango a Kumasi da Ankara, da Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, cikin wannan fatauci na goro ya tashi kafin ya koma sayen gyaɗa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma fatake ba da wasa suka riƙi maganar ba.

Hajji a ƙasa

Tafiyar da ta fi kowace nisa ita ce ta Makka. Talaka yakan bi ta Barno, ya ratsa ƙasar Cadi ta Wadai, ya shiga Darfur da Kordofan, ya kai kogin Nilu, daga nan sai Sawakin ko Port Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Ba ya fita da kuɗin tafiyar gaba ɗaya. In guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi noman damina, ko ɗinki, ko wanzanci, ko karantar da yara, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Ta haka wani yakan yi shekara biyar, wani goma, wani kuma can Allah Ya yi masa cikawa.

Bayan yaƙin Burmi na watan Yulin 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, wanda har yau ake kira da sunansa. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, alhazan ƙasa da yawa nan suka riƙa aikin tsintar auduga don neman kuɗin jirgin ruwa. Zuriyarsu na nan a Sudan suna jin Hausa.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya nuna wata hanyar dabam. A 1921 ya shiga jirgin ruwa daga Ikko zuwa Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar, sannan ya wuce ya sauke farali. Wannan hanya ce ta masu hali, amma ta nuna inda zamani ya dosa.

Jirgi da mota

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Goron da ake wata uku ana ɗaukowa sai ga shi yana zuwa cikin 'yan kwanaki, ayarin Gwanja ya fara mutuwa. Jirgin sama ya fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925. Wajen ƙarshen shekarun 1940 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira WAPA, suka fara da motoci kafin a koma jirgin sama. Sunan nan ne ya bi unguwar 'yan canji da ke Fagge.

A yankinku kuwa babbar mota mai bodin katako ce ta gaji jaki. Titin Kano zuwa Katsina ya bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Caranci, na Funtuwa ya zo ya haɗe da shi a Yashe, 'yan cin rani suka riƙa hawa kan buhunan hatsi don rangwamen kuɗin mota. Daga baya Fijo ta zo, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Tafiya ta yi sauri, amma ta koma ta tsabar kuɗi. Wanda duk ya shiga tasha tun bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san haka a aljihunsa.

Asalin kyamara

Yanzu sai tambayarka ta uku. Ita kalmar kyamara daga harshen Latin take, ma'anarta ɗaki. Wani malamin Musulunci, Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir cewa in aka rufe ɗaki ya yi duhu, aka bar 'yar ƙaramar huda, surar abin da ke waje za ta bayyana a bango a kife. Kowace kyamara, har ta cikin wayarka, wannan ɗakin ne aka ƙanƙance. Abin da ya gagara shekaru aru-aru shi ne yadda za a kama surar ta zauna.

Faransawa ne suka cim ma wannan. Niépce ya kama hoto na farko wajen 1826, sannan a 1839 aka shelanta dabarar abokin aikinsa Daguerre. Amma kayan aikin nauyi gare su, ga ruwan magani iri-iri, shi ya sa irin su Barth suka wadatu da fensir. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da Kodak mai fim na hoto 100 a kan dala 25, a 1900 kuma ya fito da Brownie a kan dala ɗaya. Daga nan hoto ya fita daga hannun ƙwararru ya shiga hannun kowa.

A Nijeriya daga bakin teku abin ya faro. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki hoton Sarkin Benin Ovonramwen a 1897 bayan Turawa sun kama shi. George Da Costa ya buɗe shagon hoto a Ikko a 1895, ya kuma ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgi. A Arewa kuwa kyamara tare da sojan Turawa da joji da 'yan mishan ta shigo, shi ya sa tsofaffin hotunanmu yawanci na sarakuna ne da dawaki da ganuwa, kuma da yawansu suna ajiye a Ingila. Talaka ya fara sabawa da hoto ne ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da kuma majigi da ake kaiwa ƙauyuka. Shi Imam ɗin ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Dattawa za su tuna mai hoton nan na bakin kasuwa da akwatinsa na katako mai ƙafa uku, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada ka motsa, ya wanke hoton nan take cikin akwatin. Bayansa aka sami shagunan hoto masu labule da fulawar roba, yawanci a Sabon Gari, sai masu yawo da kyamara a wuya ranar Sallah da biki. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin hoto, gidaje da yawa sun daɗe suna ƙyamarsa, amma akasari an yarda da na lalura. To lalurar ce ta yi ta ƙaruwa.

Ranar da takarda ta fi mutum

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ƙasashen Turai suka fara tilasta manna hoto a fasfo, Ingila ta yi haka a 1915, sannan a 1920 aka yi taro a Faris aka daidaita fasfo ya zama ɗan littafi. Mu kuma a nan, tsakanin 1906 da 1908 Ingilishi da Faransawa suka kafa duwatsun iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, suka raba 'yan uwa gida biyu. Duk da haka mutane sun daɗe suna wucewa yadda suka saba, ba takarda ba komai.

Ranar da abin ya fito fili ita ce 18 ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya samo ta ko ya fice. Dubun dubatar mutane suka kwashe ya-nasu-ya-nasu, cikinsu har da Hausawan zango waɗanda a can aka haifi iyayensu. Suna da fatoma, suna da maƙwabta, kowa ya san su, amma ba su da takarda mai hoto da hatimi. Wasu sun sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. A 1983 Nijeriya ita ma ta yi wa baƙinta haka.

Tun daga nan abin sai gaba yake yi. Fasfo mai na'ura ya zo a 2007, aka yi rajistar zaɓe mai hoto da zanen yatsa a 2011, lambar BVN ta banki ta zo a 2014, sannan a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar kwana 90 ba biza, amma da sharaɗin takardar tafiya, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Saboda haka mai shirin tsallakawa ta Jibiya ya fara tambayar jami'an shige da fice kafin ya biya kuɗin mota.

Wanda ya rasa takarda kuma ya rasa madugu na gari, shi ke faɗawa hannun masu safarar mutane, waɗanda ke kwaɗaita masa hanya mai sauƙin kuɗi. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Madugun da yana tafiya tare da ayarinsa, abin da ya ci su shi ma zai ci shi. Na yanzu kuwa kuɗi yake karɓa ya kashe waya.

Abin da ya rage mana

To jama'a, me za mu ɗauka daga wannan tarihi?

Na farko, kada a raina guzuri. Dakuwa da ƙuli da ɗan dambu da gorar ruwa daga gida sun fi sauƙi a kan abincin tasha, kuma ka san hannun da ya yi su. Iyaye mata a koya wa yara, don in mai yi ta tafi ba ta koyar ba, shi ke nan.

Na biyu, a riƙe zumunci da mutanen garin da ake zuwa. Takarda za ta wuce da kai shingen jami'ai, amma ba za ta ba ka tabarma ba, ba za ta kai ka asibiti ba. Wanda ya sauke baƙo yau, gobe shi ma za a sauke shi. Mai niyyar Makka kuma ya bi ta hukumar alhazai. Akwai ma shirin adashin gata da hukumar ta ƙasa ta ƙaddamar a 2020, wanda ya yi kama da dabarar kakanni ta tarawa kaɗan-kaɗan.

Na uku, a nemi takardu tun ba a matsu ba, na maigida da na uwargida da na yara, a adana su cikin leda a akwatin ƙarfe.

Na huɗu shi ne na mai kyamara. Injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, shi ya ƙera kyamara marar fim a 1975, wajen shekarar 2000 aka fara sa ta cikin waya a Japan, wayar salula ta iso mana a 2001, shi kuma Kodak ɗin ya durƙushe a 2012. Yau hoto ya yi arha, amma ya fi na da saurin ɓacewa. Waya ɗaya ta faɗa rijiya ko ɓarawo ya zare ta a kasuwa, hoton shekara biyar ya tafi. Don haka masu muhimmanci a kai a wanke su a takarda, a kuma tura wa ɗan'uwa ya ajiye. Tsofaffin da ke ƙarƙashin katifa a fito da su, a raba su da danshi da gara, a zauna da dattijon gida ya faɗi ko su wane ne, a rubuta suna da gari da shekara a bayan hoton da fensir. Hoton da ba a san mai shi ba takarda ce kawai.

Sannan kada a tsaya kan ango da amarya. Wani mai hoto ɗan Nijeriya, J. D. Ojeikere, wanda ya fara da Brownie ta fam biyu a 1950, ya shafe shekaru yana ɗaukar kitson mata kurum, abin da kowa ke gani bai kai a ɗauka ba, yau hotunansa na rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Kai ma ɗauki mai daddawa tana aikinta, da rumbu, da maƙeri, da masussuka, da jakai ranar kasuwa, bayan ka nemi izinin mutane, musamman matan aure. Barth ya wuce ta Kusada bai bar mana fuska ko ɗaya ba don ba shi da abin ɗauka. Mu kuwa abin yana aljihunmu, jikoki ba za su karɓi uzuri ba.

Nan za mu dakata. Duk wanda ke da tsohon hoto na kasuwar Kankiya ko tashar Yashe, ko labarin kakansa da ya je Makka a ƙasa, ya rubuto mana, za mu karanta a shiri. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa kasuwa ta yi kyau. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.